Kanikancin mota a kwalejojin fasaha: a fara koya wa yaro awo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da shugabannin sassan koyar da kanikancin mota a kwalejojin fasaha na Kebbi da Zamfara, da malamansu, da kuma masu sa hannu a kan kuɗin da ake ba waɗannan sassa.

Akwai maganar da masu gareji ke yi wadda ba ta da daɗin ji, amma ba a rasa gaskiya a cikinta: wai in aka kawo musu ɗan kwaleji sai sun sake koya masa riƙon sifana. Yaron da ya shekara uku a inuwar dogon yaro a garejin Birnin Kebbi ko Jega zai sauke giyabos ɗin Golf kafin ɗan kwaleji ya gama laluben sifana mai lamba 13. A saurin hannu kwaleji ba za ta kamo gareji ba, domin ɗan gareji yana taɓa mota kwana shida a mako, tun safe har magariba. Inda kwaleji za ta yi wa gareji fintinkau shi ne awo: yaro ya san adadin da ya kamata ya gani, ya san inda zai ɗora na'ura ya gan shi, ya kuma san abin da zai bi idan adadin ya saɓa. Sashen da ya yaye yaro bai iya wannan ba ya sa shi ya yi biyu babu, ba saurin ɗan gareji, ba sanin ɗan makaranta.

Motar ce ta canza. A zamanin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, bakanike mai kunne zai saurari inji ya daidaita kafireta da kwantak da sukudireba ɗaya, kuma ya dace. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka dole ta zo da tsarin OBD-II, wato soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona sikana, na'urar da ke karanto matsalar mota, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Corolla da Camry da Accord da Sienna da ke shigo mana daga Kwatano duk 'ya'yan wannan zamani ne, birenbos, wato kwamfutar mota, ne ke raba musu mai da wuta. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To amma ido ba ya ganin rabin bolt da ya ɓace a cikin waya, kunne ma ba ya jin sa.

Bari in fara da lantarki, don nan yawancin sassa suka fi rauni. An kawo mota, an murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas ta ƙi tashi. Yadda aka saba, za a ce batir ne, a saya. Ba ta tashi ba, a ce kik ne, a kwance a kai wa ɗan riwaya. Daga nan a koma kan makulli. Mai mota ya biya kuɗin abu uku, alhali aikin minti biyar ne da mitar awon lantarki. Ga abin da ya kamata ɗan shekarar farko ya iya ko daga barci aka tashe shi. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, zai nuna bolt 12.6, in ya nuna 12.2 kusan rabin cajinsa ne ya rage. A sa wani ya murɗa makulli ana kallon mita. In adadin ya faɗi ƙasa da 9.6, ko dai batir ya gaji ko kik na jan wutar da ta wuce kima. In bai faɗi ba, kik kuma bai juya da ƙarfi ba, sai a bi waya. A ɗora baki ɗaya na mita a kan dalmar batir ta laif, wato mai alamar +, ita dalmar kanta ba maƙalin da ke kanta ba, ɗaya bakin a kan notin da babbar waya ta sauka a jikin kik, a sake murɗawa. Abin da ya wuce bolt 0.5 na nufin wuta na maƙalewa a hanya. A maimaita a ɓangaren at, wato daga dalmar batir mai alamar - zuwa jikin inji, nan kuma kada ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Sau da yawa in aka ɗaga maƙalin sai a tarar farin gari mai kore-kore ya yi kane-kane a ƙarƙashinsa, ko wayar at ta ruɓe ta ciki robarta na nan sumul.

Malami ya tsaya sosai a kan dalilin da ya sa ake wannan awo a lokacin da wuta ke gudu. Ɗalibi zai so ya juya mita zuwa om, wato awon ko wuta na iya bi ta waya, ya gwada waya, ta yi ƙara, ya ce lafiyarta ƙalau. A ɗauko waya mai silli talatin, a yanke duka a bar ɗaya, a ba shi ya gwada. Mita za ta yi ƙarar nan dai, saboda 'yar wutar da take turawa za ta bi ta silli ɗaya ba wahala. Kik kuwa amfiya sama da 100 yake nema. Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ya riƙe ke nan.

Da inji ya tashi, caji ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Nan ne wurin kashe wata ɗabi'a da yara ke shigowa da ita daga gida: cire kan batir inji na aiki wai a ga ko altaneta na caji. A tsohuwar mota an sha yi an kwana lafiya, a motar yau wutar da ke tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona birenbos. Haka goga waya a jikin mota a ga tartsatsi, haka naɗe fis ɗin da ya ƙone da sillin waya ko takardar kwalin sigari. Fis ya mutu ne don waya ta rayu, wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa wa wuta dukan wayoyin motar. Soket masu launin rawaya kuma na jakar iska ne, ba a taɓa su sai an cire kan batir an jira aƙalla daƙiƙa 90, ba a kuma sa musu fitilar gwaji.

Sai zafin inji, wanda ya fi damunmu a nan inda watan Afrilu ke haura digiri 40. Motoci da yawa da sun sauka abin da ake fara yi musu shi ne a cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, a jefar, a ɗaure fanka kai tsaye da makulli, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Ɗalibi ya taso yana jin wannan a bakin babansa da bakaniken babansa, faɗa da baki ba zai kankare shi ba. A kawo tukunya da risho da ma'aunin zafi. A rataye tamostat da waya a cikin ruwa, kada ya taɓa gindin tukunya, a kunna wuta, yara su zagaye suna kallo. A yawancin injinan Toyota zai fara buɗe baki wajen digiri 82, lambar na nan a buge a jikinsa, kafin ruwa ya tafasa ya gama buɗewa. Daga nan kowa zai gane cewa a ranar Argungu ko Gusau tamostat mai lafiya buɗe hanya yake yi da zarar inji ya ɗau zafi.

Cire shi kuwa akwai ladan da ake biya. Da safiyar hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, sensar zafin ruwa na ta gaya wa birenbos cewa har yanzu da sanyi, shi kuma yana ta ƙara mai. Mota ta sha fetur, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai. A injinan da tamostat ɗinsu ke da faifai na biyu a gindi, mai toshe gajeriyar hanyar ruwa, cire shi na barin wannan hanya a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye cikin inji bai leƙa lagireto ba. Sai ga motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi tana tafasa a hawan tudu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ainihin abin da ke kawo zafi bin layi ake yi a same shi. Murfin lagireto na da lamba a samansa, galibi 0.9 ko 1.1 a ma'aunin bar, kuma matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Robarsa ta tsage, ruwa zai tafasa tun a 100 ya gudu. Famfon gwada murfi ƙaramin abu ne, kowane sashe ya kamata ya mallaka. Bayan murfi sai cikin lagireto, da gishirin ruwan rijiya da na burtsatse ke toshewa saboda an ƙi sayen ruwan lagireto na gaske, sai wajensa, inda ƙura da ƙaiƙayi ke cushewa tsakaninsa da na'urar sanyaya mota. Sai fanka da rile da fis ɗinta, sai famfon ruwa da tsatsa ke cinye fikafikansa. Gaskit shi ne na ƙarshe, kuma akwai ruwan gwaji mai launin shuɗi da ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwa. In an sauke tof, wato kan inji, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa a zura filagej, siraran ƙarafan auna tazara. A ƙananan injinan Toyota da yawa, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta isa a kai shi wanki, in ba haka ba sabon gaskit ɗin ma ƙonewa zai yi.

Sikana ita ce abin da kowane shugaban sashe ke mafarkin saya, kuma ya kamata a saya. Sai dai ta haifar da sabon nau'in canki-canka. Yanzu za ka ji an ce, “Alhaji, kwamfuta ta ce sensa ce,” a cire sensa mai lafiya a sa ta Beljiyam, bayan kwana uku fitilar cek ta dawo. Lambar P0171 da sikana ke nunawa cewa take yi iska ta fi mai yawa a cikin haɗin da inji ke ƙonawa, wanda ya kamata ya zama iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya a nauyi. Sensar hayaƙi mai ba da rahoto ce kawai. A koya wa ɗalibi ya shiga inda sikana ke nuna yawan man da birenbos ke ƙarawa don cike giɓi. In ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo, amma ya sauko da aka taka mota zuwa juyi 2,500, to iska ce ke satar hanya, a nemi tiyon da ya tsage ko gaskit ɗin bakin shan iska. In a silo lafiya, sai an taka ne ƙarin ke hawa, to mai ne ba ya isa ko ana ƙirga iska ba daidai ba. A jona ma'aunin matsin mai, wanda a irin waɗannan motoci yake wajen bar 3, a duba famfon mai da matatarsa, a kuma ciro sensar iska a kalli siririyar wayar da ke cikinta. Bayan hunturu ɗaya a hanyar Yauri ko Talata Mafara za a same ta ta yi bargo da ƙura, musamman in matatar iska ta jabu ce ko an huda ta da bugun iskar mai faci. Feshin wanke ta daban yake, ba a goga mata tsumma.

P0302 kuwa darasi ne mai daɗin koyarwa, don ba ya cin ko kwabo. Silinda ta biyu na ɓata wuta. A musanya koyil ɗinta da na ta uku, a goge lambar, a tada mota. In ta koma P0303, koyil ne. In ta tsaya inda take, a musanya fulogi, sannan nozul. In duk ba ta motsa ba, a auna matsin silinda. Bambanci tsakanin silindu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in matsin ya tashi ringi ne, in bai tashi ba a dubi bawul ko gaskit. Yaron da ya iya wannan jeri ba zai sauke injin mutum saboda koyil ɗaya ba.

A cikin inji ma awon ne. Tazarar da baƙin mai ke bi tsakanin kirankishaf da metal, wato matashin da yake juyawa a kai, ba ta kai kaurin gashin kai ba, saboda haka kowane ɗalibi ya riƙe maikuromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, har hannunsa ya saba, ya kuma bar ɗaure noti da tsawon bututu da ƙarfin ƙirji. Notin tof daga tsakiya ake fara ɗaurewa a yi waje, hawa-hawa, da sifana mai awon ɗauri, injina da yawa kuma na neman ƙarin juyin digiri 90 a ƙarshe. Notin taya na yawancin ƙananan motocin Toyota Nm 103 ne, ba sai an hau sifana an yi tsalle ba. A kuma gaya musu cewa injin da littafinsa ya ce 5W-30 ba ya ƙaruwa da 20W-50 don kawai garinmu da zafi, hanyoyin mansa ƙanana ne.

Duk wannan ba zai samu ba in shugaban sashe bai zauna ya yi lissafin lokaci ba. Aji mai ɗalibai 40, inji ɗaya, darasi biyu a haɗe na minti arba'in-arba'in. A cire minti 20 na karɓar kaya da wanke hannu, saura 60. Kowane yaro ya tashi da minti ɗaya da rabi, a zahiri kuma uku masu ƙarfin hali ne za su taɓa, sauran su leƙa ta kafaɗa. Shugaban sashe ya je wurin mai tsara jadawali ya nemi a haɗe masa lokacin aiki ya zama awa huɗu a jere, sau biyu a mako, ko da za a yi rigima da malaman sauran darussa. Sannan a raba aji gida goma, huɗu-huɗu, ana juyawa. Gida goma ba ya nufin mota goma. Inji biyu matattu a kan teburin ƙarfe na kwancewa da ɗaurawa, mota ɗaya mai tashi, giyabos ɗaya, ƙafar mota ɗaya da birkinta, kik da altaneta a kan benci, babur ko Keke, injin ban ruwa, sai alluna biyu na katako da aka shimfiɗa wa wayoyin fitila da rile da ham da aka ciro daga motar da ta yi hatsari. Rabin waɗannan a wurin 'yan gwangwan da masu yanka mota ake samun su. A cikin huɗun nan ma a raba aiki, ɗaya na aunawa, ɗaya na rubutawa, ɗaya na riƙe da littafin mota, ɗaya na miƙa kaya, a zagaye na gaba su musanya. In ba haka ba, mai shiru-shiru da ɗaliba mace za su shekara uku suna riƙon tocila.

Wajen kuɗi, kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a babbar na'ura ɗaya da za a nuna wa baƙi. Na'urar ɗaga mota ko ta saita ƙafa abu ne mai kyau, amma wasunsu na neman wuta mai layi uku, kuma in ba a tanadi wutar da mai gyara ba, tamfol za a lulluɓa musu gizo-gizo ya yi gida. Da kuɗin ɗaya za a sayi mita 20, sikana biyu masu nuna bayanan inji yana aiki, sifanar awo huɗu, ma'aunin matsin silinda da na mai, da ƙafafun tokare mota. Abin da ke kashe sashe a ɓoye shi ne kayan da ke ƙarewa: fetur, baƙin mai, man birki, gaskit, fis, waya, dalma, salatif, tsumma, sabulu, batirin mita. Har da ɗan fis ɗin amfiya 10 da ke cikin mita, wanda ke ƙonewa duk ranar da yaro ya manta waya a ramin amfiya ya ɗora a kan batir, kuma sai ya manta. In ba a ware wa waɗannan kaso na kansu a kowane zango ba, mako na huɗu aiki zai koma kan allo. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, da aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, tana da jerin kayan da take son gani kafin ta amince da kwas, kuma kowa ya san akwai inda ake aro su kwana biyu a mayar. Zanen aro ba ya rufe katara, yaran ne ke kwana a ciki.

Sito kuma a yi masa allo a zana siffar kowane ƙarfe a inda yake rataye, kowane ɗalibi da lambarsa da yake ajiyewa in ya karɓa, ba a tashi sai allo ya cika. Soket ɗin kwance noti mai lamba 10 a saye shi da yawa, Allah kaɗai ya san inda yake zuwa.

Jarrabawar NABTEB, hukumar da ke ba da NTC, shaidar kammala kwalejin fasaha, tun bayan kafa ta a 1992, tana nan a ƙarshen shekara ta uku, kuma dole a shirya mata. Amma gwajin cikin gida shi ne a hannun sashe, kuma a ganina ya zama na dasa matsala. Kafin yara su shigo, malami ya sassauta wayar at, ko ya huda tiyo da allura, ko ya matse bakin fulogi, ko ya sa fis ɗin da ya mutu amma ido ba ya gani, ko ya ɓoye ɗan rizisto a cikin wayar sensa ya naɗe. A ba yaro takardar aiki da ƙorafin mai mota kamar yadda masu mota ke faɗa, “tana jijjiga a silo,” “tana cin mai,” da minti 30. Mafi yawan maki a ɗora shi a kan jerin da ya bi da adadin da ya rubuta. Wanda ya faɗa kan amsa da sa'a bai auna komai ba, ya samu kaɗan, wanda ya bi hanya daidai lokaci ya ƙare masa ya fi shi. Wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ya faɗi nan take, komai iyawarsa, domin jak na ɗagawa ne, bulon siminti kuma farfashewa yake yi ba sallama.

Malamai su ma a duba su. Akwai mai digiri da bai taɓa sauke tof ba, akwai tsohon ma'aikacin da hannunsa ya faɗa amma yana tsoron sikana. Shugaba mai hankali haɗa su yake yi a aji ɗaya, ya kuma tura kowannensu makonni a hutu wurin da ake gyaran motocin zamani. Foliteknik ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, inda wasu ɗalibanmu ke zarcewa, ba su yi nisan da za a kasa neman haɗin kai da sassan injiniyansu ba. Haka ƙungiyar kanikawa ta NATA. A zaɓi ƙwararren mai gyaran giya ko ɗan riwaya, a gayyato shi ya koyar rana ɗaya a wata, a biya shi, a kuma kira shi malam a gaban yara. Shi ne gobe zai karɓi ɗalibanku koyon aiki, ko a shirin SIWES na hukumar ITF ko a tsarin da kwaleji ta yi da kanta. A je a zauna da shi tun farko a rubuta ayyukan da ake so yaro ya taɓa, malami kuma ya riƙa leƙawa ba sanarwa. In ba a leƙawa, wata uku za su ƙare a sayo wa oga abinci da wanke noti, littafin rahoto kuma a cike shi a dare ɗaya.

Karɓar motocin mutanen gari a gyara yana kawo kuɗin kayan aiki, yana kuma kawo matsalolin da malami ba zai iya dasawa ba. Sharaɗi dai a yi rasit, kuɗin ya shiga asusun makaranta, malami ya duba birki da sitiyari da hannunsa kafin mota ta fita, kada kuma wurin ya koma garejin malami yara su zama 'yan kallo.

Ƙananan injina kada a raina su. Yaron da zai koma Suru ko Argungu ko Bakalori, injin ban ruwa da babur da Keke ne za su fara ciyar da shi kafin Camry ta zo. Saita bawul da filagej, wanke kafireta, canza sil ɗin famfo, duk a ba su zango guda cur. Harshe kuma, a bayyana da Hausa har ya zauna, sannan a buɗe littafin mota na Turanci a nuna masa kalmar, domin sikana da jarrabawa ba sa jin Hausa. Ya san lagireto, ya kuma san yadda aka rubuta shi a littafi.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 maganar mayar da motoci kan gas ɗin CNG ta yi ƙarfi, kuma yaranmu za su gamu da ita ko mun koyar ko ba mu koyar ba. Ko sashe bai da kayan juyawa, ya dasa musu abu ɗaya: tulun CNG matsin bar 200 yake ɗauka, na gas ɗin girki bai kai ko kusa ba, saboda haka ba a musanya su, ba a yi wa tulu walda, ba a huda shi. Motoci masu haɗa fetur da batir irin Prius ma sun fara yawa, batirinsu ya haura bolt 200. Duk waya mai launin ruwan lemo ba a taɓa ta sai da safar hannu mai jure bolt 1,000, an zare fulogin yanke wutar batir, an jira mintunan da littafin motar ya faɗa, an kuma auna an ga sifili. Sauran tsofaffin dokoki na nan: ba zuƙar fetur da baki, ba wanke kaya da fetur, ba tada inji a rufaffen ɗaki, ba zobe ko agogon ƙarfe kusa da batir, ba hannun kaftani ko gefen hijabi kusa da fanbel. A ɗinka wa ɗalibai mata rigar aiki da ɗan guntun hijabin da ke shiga cikin wuyan riga.

Shugaban sashe ya ajiye littafi guda ya rubuta lambar wayar duk wanda ya yaye. Bayan shekara ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su inda suke aiki, da kuma aikin da aka kawo musu ya gagare su. In mutum biyar suka ce giya mai canza kanta ce, ko na'urar sanyaya mota, ko makullin da ba ya tada mota sai an yi masa saiti da kwamfuta, to shi ne abin da za a nema wa gida a cikin goman nan a zango mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kanikanci,
Birnin Kebbi.